Bla-bla: Wa Ke Surutu, Wa Ke Magana a Ƙasar Adar da Gobir?

A bakin 'yan boko aka fi jin ta. Ɗalibi ya fito daga aji a Madawa, abokinsa ya tare shi da tambayar abin da aka koyar yau, sai ya yarfa hannu ya ce, "Bla-bla kawai." Ma'aikaci ya koma Buza daga taron ƙara wa juna sani a Tawa, a ce masa yaya taro, ya ce, "Tun safe har la'asar bla-bla muke sha." Yanzu kuwa ta wuce 'yan boko. Matashin Azarori da bai taɓa zama a bencin lakwal ba, amma ya yi ci-rani a Abijan ko Legas, shi ma yakan jefa ta idan dillali ya cika shi da daɗin baki: "Bar bla-bla, faɗi kuɗin."

Kalma ce 'yar ƙarama mai kaifi. Da ita ake kashe zancen mutum ba tare da an tsaya an ba shi amsa ba. Saboda haka ya dace a san inda ta fito, da abin da masu ita suke nufi da ita, da kuma waɗanda ake jifa da ita a wannan yanki, domin sau da yawa jifan ba ya sauka a kan wanda ya cancanta.

Asalinta Ingilishi ne. Masu bin diddigin kalmomi sun same ta a rubuce a Amurka tun wajen 1918, kuma ba daga wata tsohuwar saiwa ta tsiro ba. Kwaikwayon sauti ce, wato ƙarar da baki ke yi idan leɓɓa na motsi amma kunne bai tsinci komai ba. A 1931 wasu 'yan'uwa biyu mawaƙa, George da Ira Gershwin, sun sa ta a matsayin sunan wata waƙar fim, suna tsokanar waƙoƙin soyayya masu maimaita kalmomi iri ɗaya. A shekarun 1940 ta bayyana a Faransanci, ta zauna daram a jaridun Faransa, daga nan ta biyo littafi da bakin malamin makaranta har Nijar. A Nijeriya kuma kai tsaye ta shigo daga Ingilishi. Mutumin Madawa, wanda iyakar Nijeriya ke kudu da shi kaɗan, ta ɓangare biyu kalmar ta iske shi. Kuma tun da kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, irin waɗannan kalmomi za su ƙara yawa a kunnen jama'a.

A wurin masu harshen, babban aikinta raini ne. Mai saurare ya yanke hukunci cewa abin da ake faɗa ba shi da nauyi, sai ya rufe shi da ita. Akwai kuma wani amfani mai sauƙin zafi, na gajarta labari. Mutum na ba da labarin uzurin da wani ya kawo masa, sai ya ce, "Wai mota ta lalace, hanya ba kyau, bla-bla-bla, shi ya sa bai zo ba." A nan ta yi kusa da "kaza da kaza" na Hausa, wanda shi ma aro ne daga Larabci. Sai dai akwai bambanci. Malamin fiƙihu yakan ce "idan mutum ya sayi abu kaza a kan kuɗi kaza", ba ya raina kowa, gurbi kawai ya bari. Wanda ya ce "bla-bla-bla" kuwa ya riga ya nuna cewa abin da ya tsallake bai kai a maimaita shi ba. Amurkawa sukan faɗe ta sau ɗaya tak su nufi abu lami, kamar abinci marar gishiri, ko ranar da jiki ya mutu ba tare da wata cuta ba. Wannan ma'anar ba a cika jin ta a ƙasar Hausa ba.

Har kasuwanci an yi da ita. Kamfanin BlaBlaCar na Faransa, wanda aka kafa a 2006 don haɗa mai mota da fasinjojin da za su taya shi kuɗin mai, daga nan ya samo sunansa. Kowane matafiyi yakan nuna yawan hirarsa tun kafin a shiga mota: "Bla" ga mai son shiru, "BlaBla" ga matsakaici, "BlaBlaBla" ga wanda ba ya gajiya.

To, Hausa ba ta rasa abin faɗi a wannan fage ba. Hasali ma ta fi Ingilishin tsefe al'amarin. Surutu shi ne uwa, yawan magana ke nan, ko da gaskiya ake faɗa. Ɓaɓatu na mai fushi ne da ke ɗaga murya alhali kowa ya daina saurarensa. Sambatu na mai zazzaɓi ne, ko mai barci, ko wanda so ya ɗimauta, bakinsa na tafiya hankalinsa na wani wuri. Idan ana zancen farashin albasa wani ya tsoma baki da abin da ba shi da haɗi da zancen, soki-burutsu ya yi. Idan ya faɗi abin da bai sani ba kamar ya sani, shaci-faɗi ne. Idan ya shirya ƙarya ya yi mata ado, zuƙi-ta-malle ce, ko labarin ƙanzon kurege. Ɗan siyasar da ya yi alkawarin rijiya a lokacin neman ƙuri'a, ya ci zaɓe ya ɓace, romon baka ya ba jama'a. Wanda ya cika gari da kurari bai aikata komai ba, holoƙo ne, hadarin kaka mai duhu da iska amma babu ruwa. Ga shirme, ga gulma, ga tsegumi, ga jita-jita, kowanne da gurbinsa.

Abin lura a nan shi ne, kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana faɗin laifin da aka yi. Wanda aka ce ya yi shaci-faɗi zai iya kawo shaida ya wanke kansa. Wanda aka ce ya yi soki-burutsu zai iya nuna inda zancensa ya haɗu da na mutane. Bla-bla ba ta faɗin laifi, ba ta barin ƙofar kare kai. Abin da take nunawa kawai shi ne mai saurare ya toshe kunnensa, kuma toshe kunne ba hujja ba ce a kan mai magana.

Tarihi ya sha nuna haka. Girkawan dā sun kira duk wanda ba ya jin harshensu "barbaros", don a kunnensu maganarsa "bar-bar" ce kawai, daga baya kalmar ta koma nufin mutumin da bai waye ba. Larabawa sun kira waɗanda ba Larabawa ba "ajam", masu maganar da ba ta fita. Daga wannan kalmar aka samu ajami, rubutun da malaman ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da tarihi da shi. Bahaushe ma bai kuɓuta ba. Yana kiran maganar da ba ta fita sosai "gwaranci", daga sunan da yake kiran Gbagyi da shi, alhali Gbagyi harshe ne cikakke mai nahawunsa da karin maganarsa da waƙoƙinsa, kuma masu shi ba sa jin daɗin wannan suna. Yaran da ke zaurance a gaban manya sun san sirrin: abin da baƙo ke ɗauka shirme, su saƙo ne sarai suke miƙa wa juna.

Azarori wuri ne da ya dace a yi wannan nazari a cikinsa. Ƙaramar hukuma ce a gundumar Madawa ta jihar Tawa, wadda a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai dubu 20 ba. Tana cikin manyan mazaunin Abzinawan Kel Geres, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga duwatsun Abzin suka zauna tsakanin Adar da Gobir, suka shahara da kiwon raƙuma da fataucin gishiri. Maƙwabtansu Gobirawa ne da Adarawa manoma, da Fulani makiyaya. An daɗe ana cuɗanya, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, har Hausa ta zama harshen da kowa ke ji.

A al'adar Abzinawa, kame baki babban ado ne. Rawanin da namiji ke naɗawa yana rufe baki, kuma yakan ƙara ja shi sama idan yana gaban surukinsa ko wani babba. Suna da abin da suke kira "asshak", wato mutunci da kamun kai, suna kuma da salon magana da ake kira "tangalt", inda ake faɗin abu a lulluɓe, mai hankali ya warware da kansa. Bahaushe zai gane wannan nan take, don shi ma yana da kunya da kawaici da habaici, kuma ya san cewa baki shi ke yanka wuya. Bafulatani na da pulaku. Duk al'ummomin nan uku sun tashi a kan cewa yawan magana na rage kwarjini. Wanda ya girma a irin wannan wuri ba ya buƙatar Bature ya koya masa ƙyamar surutu.

Amma waɗannan mutanen dai, masu ƙyamar surutu, su ne za su tsaya a bakin hanya su yi doguwar gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina sanyi, ina ɗan kwana biyu. Amsar kuma sananniya ce tun kafin a tambaya: lahiya lau, babu gajiya, da godiya. Ko da mutum ya kwana da ciwo, sai an gama zagayen nan kafin ya faɗi. Baƙon da ya zo da agogo a hannu zai ce an ɓata lokaci a kan maganar da ba ta ƙara wa kowa sani. A 1923 masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya yi bayanin irin wannan magana, ya nuna cewa aikinta ɗaure zumunci ne, ba isar da labari ba. Wani masanin Ingila, Robin Dunbar, ya bi hirarrakin mutane ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na abin da suke faɗa zancen junansu ne: wa ya yi aure, wa ya yi tafiya, wa suka saɓa da wa. Mutumin karkara ya san wannan tun kafin a rubuta shi. A ƙauye, wanda ya wuce bai gaisa ba ya riga ya yi magana, kuma magana mai nauyi. Ranar da rijiyar lambunsa ta rufta, ko raƙuminsa ya shiga gonar wani, a ranar zai san kuɗin gaisuwar da ya ƙi biya.

Haka wasan barkwanci yake. Bagobiri ya haɗu da Bazabarme, ko Bafulatani da Babarbare, sai zagi da tsokana da kurarin wane ne bawan wane. Wanda bai sani ba zai zaci faɗa ne ko shirme. Da wannan wasan ake kashe wutar rigima tun tana hayaƙi, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su.

Inda aka fi jifa da kalmar surutu a yau shi ne fada. Duk garin da mutum ya shiga a Nijar zai ga samari a kan benci ko tabarma, ga ɗan murhun gawayi, ga butar shayi, ga rediyo ko waya na kiɗa, an rubuta sunan ƙungiyar a jikin bango. Shayin sau uku ake dafa shi, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma ba a gaggawarsa. Fada irin ta yau ta yaɗu ne a shekarun 1990. Kafin nan, a zamanin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke tattara matasa a ƙarƙashin idon hukuma. Taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya buɗe bakin jama'a, gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, a daidai lokacin da aikin gwamnati ya yi wuyar samu. Samari suka sami 'yancin magana, ba su sami abin yi ba. Masaniyar al'adu Adeline Masquelier ta yi shekaru tana zama da 'yan fada a Dogon Dutsi da Yamai, ta fitar da littafi a kansu a 2019.

Dattijon da ya wuce ya ce "zaman banza da surutu" yana da hujjarsa, don akwai fadar da ba a komai a cikinta sai karta da zagin mai wucewa, akwai kuma wadda ƙwaya ta shiga. Amma ya kamata a tsaya a ji abin da ake faɗa a mafi yawansu. Ƙasar Adar ƙasar 'yan ci-rani ce. Da an gama girbi, maza na ficewa biɗa zuwa Nijeriya, Kwaddibuwa, Kamaru, Libiya. A fada ne yaro ke jin wace hanya ce ke da hatsari bana, wane gari ne aiki ya mutu, wa zai sauke shi idan ya isa, nawa zai tanada na mota. A nan ake haɗa kuɗin wanda zai yi aure, a nan ake tsara wanda zai kwana da marar lafiya a asibitin Madawa, a nan ake raba kwanan gadin unguwa. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wurin da matasa ke zama su yi shawara da junansu ba abin rainawa ba ne.

Mata sun fi kowa shan wannan jifa. Da an ga sun taru sai a ce gulma. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da wasu matan karkara a kan wani tsari da aka sa wa suna Mata Masu Dubara: su zauna sau ɗaya a mako, kowace ta zuba ɗan abin da ta samu a asusu, a ba mai buƙata rance, a raba riba a ƙarshen zagaye. Tsarin ya ginu ne a kan adashi da zaman hira da mata suka saba da shi tun kaka da kakanni. Yau an kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na cin moriyarsa.

Ita kanta gwamnati ta taɓa gane darajar hira. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo a Nijar. Mutanen ƙauye su taru su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a mayar gidan rediyo, ƙasa duka ta ji. Da wayar salula ta zo, hirar ta ƙara nisa. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta ga cewa inda waya ta shiga, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Ɗan kasuwa ya daina ɗora kaya a mota a kan tsammani. Mai lambun albasa a kwarin Tarka, wanda amfaninsa ke tafiya har Gana da Kwaddibuwa, yakan kira ɗan'uwansa a Galmi ko Ƙonni su gaisa, su tambayi gida, su yi zancen ruwa, a tsakiyar hirar ya ji nawa buhu ya kwana. Wanda ke gefe zai ce ana ƙona kati a banza.

Wannan ba ya nufin kowace magana alheri ce. Akwai wadda ke kisa. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shiga Legas, wani saƙo ya bazu ta waya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu da asuba suna gargaɗi cikin ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Yanzu da saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa wa wanda bai iya karatu ba, jita-jitar da dā sai ranar kasuwa take isa ƙauye tana shiga kafin a sauke tukunya. Malamai sun daɗe suna jan kunne a kan ƙila-wa-ƙala, wato "an ce, wai an ce". Hadisi ya lissafa ta cikin abubuwan da Allah ba ya so, tare da yawan tambaya da ɓarnar dukiya, wani hadisin kuma ya umarci mai imani ya faɗi alheri ko ya yi shiru. A farkon Suratul Muminun an yabi masu kau da kai daga maganar banza. Hukuma ma ta sa hannu: Nijar ta yi dokar laifukan intanet a 2019, kuma a watan Yuni na 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a ta waɗannan kafofi. Sai dai irin wannan magana ba bla-bla ba ce. Da ba ta da ma'ana da ba ta yi ɓarna ba. Sunanta ƙarya, ko gulma, ko ƙazafi, kuma da sunanta ya kamata a kira ta.

To, ina maganar da ta cancanci sunan? Ranar 28 ga Satumba 2021, a birnin Milan na Italiya, wata yarinya 'yar Suwidin mai shekara 18, Greta Thunberg, ta tsaya a gaban taron matasa kan sauyin yanayi. Ta riƙa jero kalmomin da shugabannin duniya ke yawan faɗa game da ceton muhalli, tana bin kowanne da "bla-bla-bla". Cikin kwana ɗaya kalmar ta zagaya duniya. Abin da ya ba maganarta ƙarfi shi ne akwai lissafi a bayanta. A taron Kopenhegen na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara ga ƙasashe matalauta kafin 2020. Shekarar ta zo ta wuce ba a cika ba. Ƙungiyar OECD ta ce sai a 2022 aka kai adadin, kuma kaso mai yawa na kuɗin bashi ne.

Akwai misalin da ya fi kusa da gida. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, da burin farfaɗo da kadada miliyan 100 kafin 2030. Nijar na tsakiyar wannan layi. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa abin da aka gyara a cikin yankin shirin bai wuce kadada miliyan 4 ba. A watan Janairu na 2021 aka sake taruwa a Paris aka yi alkawarin sama da dala biliyan 14. Manomin da ke kallon ruwan sama na kwashe masa ƙasa zuwa cikin kwazazzabo yana da haƙƙin tambayar nawa ne ya iso gonarsa.

Abin da ya sa mutanen Keita da Buza da Madawa suka fi kowa cancantar yin wannan tambaya shi ne sun san kamannin aiki idan ya zo da gaske. A kwarin Majiya, tun daga 1975, an dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, har suka kai ɗaruruwan kilomita. A 1984 aka fara babban aikin Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya. An jera duwatsu a kan tuddai, an haƙa ramuka, an gina madatsun ruwa, an gyara sama da kadada dubu 30, an dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu ɗaukar dutsen nan a ka mata ne, don maza sun tafi ci-rani. A shekarar ne kuma aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Wannan ya isa shaida cewa ba kowane taron manya ne holoƙo ba. Akwai wanda aka tashi daga shi aka ɗauki diga da shebur.

Mafi ban sha'awa shi ne abin da ya yaɗu daga baki zuwa baki. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga yankin Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, a shuka a ciki. Suka dawo suka gwada. Maƙwabta suka leƙo, aka yi hira a bakin masallaci da kasuwa, dabarar, wadda ake kira tassa, ta bazu har fakon da dā ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Haka sassaben zamani ya tashi daga yankin Maraɗi tun wajen 1983: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, a zaɓi masu ƙarfi a bar su su girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya gawo da kalgo da sabara da sauransu sun dawo a kan kadada kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kusan miliyan 200. An sami taimakon ma'aikata da rediyo, amma babban abin da ya ɗauki dabarar daga gona zuwa gona shi ne bakin manomi da kunnen ɗan'uwansa, a irin zaman da mai wucewa zai kira surutu.

Saboda haka kira na farko ga dattawa ne da malamai da ma'aikata: kafin a yanke wa zaman samari ko na mata hukunci, a zauna a sha kofi ɗaya na shayin, a ji me ake ciki. Idan gulma ce a ce gulma ce, a hana. Idan shawara ce a ƙarfafa ta. Su kuma matasan da kalmar ta yi wa daɗi a baki, su daina rufe bakin malami ko na mahaifi da ita don kawai maganar ta yi tsawo. Su adana kaifinta don inda ake buƙatarsa. Duk wanda ya zo Azarori ko Buza ko Keita da alkawarin rijiya, ko madatsar ruwa, ko hanya, ɗan siyasa ne ko jami'in wata ƙungiya, a karɓe shi da mutunci, a saurare shi har ya gama. Sannan a tambaye shi wata da shekarar da za a fara, da yawan kuɗin da aka ware, da sunan wanda za a nema idan lokacin ya wuce, a kuma rubuta amsarsa a gaban jama'a, da boko ko da ajami.